Babi na Bakwai: Girabiti a Shimfiɗaɗɗiyar Duniya

Akwai wani reshe na ilimin fiziks da ke farawa da zato biyu waɗanda kowane ɗalibi ya san ba haka duniya take ba. Na farko shi ne a ɗauka sarari tsawo da faɗi kawai gare shi, babu sama babu ƙasa. Na biyu shi ne a ɗauka haske ba ya ɗaukar lokaci kafin ya isa inda za shi, kuma agogo ɗaya ne ke bugawa ga dukan halitta, kamar yadda Isaac Newton ya ɗauka a littafinsa na 1687, kafin Albert Einstein ya rushe wannan tunanin a 1905. A kan waɗannan zato biyu ne wasu masana a Holan da Birtaniya da Denmak da Amurka suka shafe shekaru suna gina ka'idojin girabiti, wato ƙarfin nan da ke jan kowane abu mai nauyi zuwa ga ɗan'uwansa.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai wasa da hankali ne. Su kansu masu aikin sun daɗe suna kallonsa a matsayin filin atisaye, inda ake gwada dabarun lissafi kafin a tunkari duniyar gaske. Abin da ya sauya lamarin shi ne an gano cewa shimfiɗaɗɗiyar duniyar nan tana nan, ana ƙera ta a ɗakunan gwaji, kuma mazaunanta ilektiron ne.

Kafin mu shiga, a gyara ƙidaya. Masana suna lissafa lokaci a cikin fuskokin duniya. Tamu duniyar fuska huɗu gare ta: tsawo, faɗi, tudu, sai lokaci. Idan aka ce girabiti mai fuska uku, ana nufin tsawo da faɗi da lokaci.

Girabitin da ba ya jan komai

A ka'idar da Einstein ya kammala a 1915, girabiti lanƙwasar sarari da lokaci ne. Rana tana lanƙwasa abin da ke kewaye da ita, duniyarmu kuma tana bin hanyar da lanƙwasar ta shata mata. A duniya mai fuska huɗu, ana buƙatar lambobi 20 don a bayyana lanƙwasa a kowane wuri. Dokokin Einstein suna ɗaure 10 daga ciki da nauyi da makamashin da ke wurin. Sauran 10 ɗin a sake suke, suna iya wanzuwa ko a inda babu komai. Su ne ke kai tasirin wata zuwa teku har ya riƙa cika yana janyewa, kuma su ne ke tafiya a matsayin igiyoyin girabiti, irin waɗanda na'urorin LIGO suka fara ji a Amurka ranar 14 ga Satumba, 2015.

A duniya mai fuska uku lambobin 6 ne kacal, kuma dokokin Einstein suna ɗaure dukansu. Babu ragowar da za ta yi yawo. Inda babu nauyi, babu lanƙwasa, sarari a miƙe yake sumul. Saboda haka babu igiyar girabiti, kuma duwatsu biyu da aka ajiye kusa da juna ba za su ja juna ba ko da za su shekara dubu.

To ina girabitin ya shiga? A samu takarda a yanke ta da'ira kamar faifai, a cire wani yanki daga tsakiya zuwa baki, sannan a haɗe bakunan biyu. Takardar za ta tashi ta zama kamar malfa mai tsini. Ko'ina a jikinta takardar nan ce dai, ba a ja ta ba, ba a tamuke ta ba. A tsinin ne kaɗai wani abu ya faru. Wanda ya zana layuka biyu miƙaƙƙu a jere, ɗaya ya bi ta daman tsinin, ɗaya ta hagunsa, zai ga sun haɗu a can gaba, alhali babu wanda ya karkata. Haka abu mai nauyi yake yi wa shimfiɗaɗɗen sarari: shi ne tsinin, kuma girman yankin da aka cire daidai yake da yawan nauyinsa. Masanin nan ɗan Polan, Andrzej Staruszkiewicz, ya nuna hakan a 1963, sannan Stanley Deser da Roman Jackiw da Gerard 't Hooft suka faɗaɗa bayanin a 1984.

Wannan ƙarancin ne ya zama arzikin ka'idar. A 1986 Ana Achúcarro da Paul Townsend, sannan Edward Witten a 1988, suka nuna cewa ana iya rubuta girabiti mai fuska uku da wani tsarin lissafi da Shiing-Shen Chern da James Simons suka fitar a 1974. Tsarin Chern da Simons bai damu da nisa ko kusa ba. Abin da yake ƙirgawa shi ne wa ya zagaye wa, kuma sau nawa. A riƙe sunan nan, domin zai sake ɓullowa a inda ba a zata ba.

Newton da harshen Einstein

Zato na biyu ya girmi na farko. A 1923 da 1924, masanin lissafin Faransa Élie Cartan ya yi wata tambaya: shin lanƙwasa mallakar Einstein ce shi kaɗai, ko ana iya sake rubuta girabitin Newton da wannan harshen? Ya gano ana iya. Bambancin yana wajen kayan awo. Einstein ma'auni ɗaya gare shi, wanda ya narkar da nisa da lokaci wuri guda, kuma gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa, shi ne ke haɗa su. A tsarin Cartan ma'aunin ya rabu biyu: agogo daban, abin auna nisa daban. Kowa ya yarda da abin da ake nufi da "yanzu", ko yana tsaye ko yana gudu. Wannan shi ake kira jometirin Newton da Cartan.

Shekaru da dama aikin yana ajiye, ana kallonsa a matsayin ado, tunda bai hango wani sabon abu game da taurari ba. Amma a gefe guda wasu suna ta tono tushensa. A 1953 Eugene Wigner da Erdal İnönü, wanda daga baya ya shiga siyasa har ya zama mataimakin firaministan Turkiyya, suka tsara hanyar da ake bi a sauka daga dokokin motsi na Einstein zuwa na Galileo, ta hanyar ɗaga gudun haske a lissafi har ya zama ba shi da iyaka. A 1954 Valentine Bargmann ya nuna cewa idan aka shigo da dokokin Galileo cikin ka'idar kwantom, wato ka'idar ƙananan ƙwayoyi, dole a ƙara musu wani adadi guda da ba ya sauyawa. Wannan adadin shi ne nauyin ƙwayar.

A farkon shekarun 1970 Jean-Marc Lévy-Leblond ya lura da wani abin da shimfiɗaɗɗiyar duniya ta keɓanta da shi. A can ana iya ƙara adadi na biyu bayan nauyi. Ma'anarsa ita ce, idan aka ingiza ƙwaya gabas sannan aka ingiza ta arewa, yanayin da za ta shiga ya ɗan bambanta da wanda za ta shiga idan arewa aka fara. A duniyarmu mai tudu lissafi bai ba da wannan damar ba.

Adadi na biyun nan ne ya warware wata tsohuwar matsala. Masana fiziks suna son kowace ka'ida ta fito daga jimlar lissafi guda ɗaya, wadda duk dokokin motsi ke tsirowa daga cikinta, domin daga irin wannan jimlar ake gina fassarar kwantom. Ka'idar Einstein tana da tata. Girabitin Newton da Cartan ya daɗe yana ba masana wahala ta wannan fuskar. A 2009 Georgios Papageorgiou da Bernd Schroers a Edinbara suka nuna cewa a fuska uku, idan aka sa adadin Bargmann da na Lévy-Leblond tare, jimlar tana fitowa tsaf, kuma irin ta Chern da Simons ce. A 2016 Eric Bergshoeff na Jami'ar Groningen da Jan Rosseel suka faɗaɗa ta, a shekarar kuma Jelle Hartong da Yang Lei da Niels Obers suka danganta irin wannan tsari da ka'idar girabitin da Petr Hořava ya gabatar a 2009. Sabuwar ka'idar ba ta Newton ba ce zalla. A wajen Newton sarari a miƙe yake kullum, nauyi ko ba nauyi. A wannan kuwa nauyi yana iya lanƙwasa sarari, alhali agogo ɗaya ne ga kowa.

Inda ake ƙera irin wannan duniyar

Yanzu mu bar allo mu shiga ɗakin gwaji. Ana iya shuka kiristal na sinadarin galiyam asanaid shimfiɗa bisa shimfiɗa, kaurin atam ɗaya bayan ɗaya, a ɗora masa wani ɗan'uwansa mai haɗe da alminiyam. A mahaɗar biyun ilektiron suna maƙalewa cikin wani siririn fili da kaurinsa bai wuce 'yan gomiyoyin nanomita ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan aka sanyaya kiristal ɗin sosai, ilektiron ba su da makamashin da za su motsa sama ko ƙasa. Gaba da baya, dama da hagu, shi ke nan. Gudunsu kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na gudun haske ba, don haka dokokin Galileo ne ke mulkinsu. Zato biyun da muka fara da su duk sun cika.

Tarihin abin da ke faruwa a irin wannan fili ya faro ne daga 1879, lokacin da Edwin Hall, yana ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins, ya tura lantarki ta cikin siririn ganyen zinari da ke gaban maganaɗisu. Ya ga maganaɗisun yana ture lantarkin gefe, har matsin lantarki ya bayyana tsakanin gefen dama da na hagu. Shekara ɗari da ɗaya bayan nan, a watan Fabrairu na 1980, Klaus von Klitzing ɗan Jamus ya maimaita awon a wani ɗakin gwaji na maganaɗisu da ke Grenoble a Faransa, da ilektiron da aka matse a saman silikon. Maimakon turjiyar Hall, wato matsin gefen nan idan aka raba shi da yawan lantarkin da ke gudana, ta riƙa hawa a hankali yayin da ake sauya yawan ilektiron, sai ta riƙa tsayawa a matakai. Kowane mataki shi ne om 25,812.807 da aka raba da cikakkiyar lamba: 1, 2, 3, 4. Ƙazantar kiristal ko siffarsa ba su taɓa wannan adadin. Ya samu kyautar Nobel a 1985, kuma har yau da wannan tasirin ake tantance om, ma'aunin turjiyar lantarki, a duniya.

A 1982 Daniel Tsui da Horst Störmer da Arthur Gossard na ɗakunan bincike na Bell suka yi amfani da galiyam asanaid mai tsabta, suka tarar da mataki a kashi ɗaya cikin uku. Robert Laughlin ya bayyana dalili a 1983: ilektiron sun daina zama ɗaiɗaiku, sun zama wani irin ruwa da ba ya matsuwa, kuma idan aka taɓa ruwan, abin da ke fitowa yana ɗauke da sulusin cajin ilektiron. Laughlin da Störmer da Tsui sun raba kyautar Nobel ta 1998. Lambar sulusi tana nufin kowane ilektiron guda yana da rabon ɗauri uku na maganaɗisu. Da masana suka nemi taƙaitaccen lissafin da zai kama halin ruwan a ƙarshen shekarun 1980, tsarin Chern da Simons suka tarar. A 2000 kuma Christian Duval da Péter Horváthy suka nuna cewa adadi na biyu na Lévy-Leblond yana da alaƙa da halin ilektiron a ƙarƙashin maganaɗisu mai ƙarfi, inda ba a iya sanin matsayin ƙwaya ta tsawo da ta faɗi daidai wa daida a lokaci guda.

Me ya kawo girabiti nan?

Girabitin gaske ba shi da ta cewa a cikin kiristal ɗin. Ƙarfin lantarkin da ilektiron biyu ke ture juna da shi ya ninka jan girabitin da ke tsakaninsu da lambar da ke da sifili 42 a bayanta. Abin da aka aro shi ne lissafin girabiti, kuma dabarar tsohuwa ce. A 1964 Joaquin Luttinger yana son ya lissafa yadda zafi ke ratsa abu. Don sanin yadda lantarki ke gudana, akan sa wa abu filin lantarki a lissafi a ga martaninsa. To me za a sa don sanin yadda makamashi ke gudana? Luttinger ya ce girabiti, tunda shi ne ke kama makamashi. Ya ƙirƙiri girabitin ƙarya a takarda, ya lissafa martanin, ya samu amsar gaske.

Dam Thanh Son, ɗan Biyetnam da ke koyarwa a Jami'ar Shikago, ya kai dabarar ƙarshenta a 2013. Ya ce a ɗora ruwan ilektiron a kan lanƙwasasshen sarari a lissafi, a tilasta wa dokokinsa kada su sauya duk yadda aka sauya hanyar awo. Jometirin Einstein ba zai yi ba, tunda ilektiron ɗin ba su san da gudun haske ba. Wanda ya dace shi ne na Newton da Cartan, wanda ya shekara casa'in ana ganin ba shi da aikin yi.

Ribar tana nan a fili. Ruwan Hall yana da wani irin danƙo da Joseph Avron da Ruedi Seiler da Peter Zograf suka bayyana a 1995. Danƙon da muka sani yana rage gudun ruwa, yana mai da motsi zafi. Wannan kuwa ba ya cin makamashi ko kaɗan, ture ruwan yake yi gefe. Auna shi kai tsaye yana da wuya, domin ba a iya sa cokali a juya ilektiron. Tun a 2012, da irin wannan dabara, Carlos Hoyos da Son suka nuna cewa dokokin Galileo sun ɗaure wannan danƙo da yadda ruwan ke amsa filin lantarkin da ƙarfinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Wato ana iya gano abu mai wuyar awo ta hanyar abin da wayoyin lantarki ke iya aunawa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Mancesta suka ba da rahoton auna danƙon Hall a ruwan ilektiron na cikin girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin atam ɗaya, kodayake a yanayin maganaɗisu mai rauni ne, wanda bai kai na matakan kwantom ba.

Ruwan da ke da ma'auninsa

Har zuwa nan lanƙwasar daga waje ake ɗora ta, a takarda. A 2011 Duncan Haldane na Jami'ar Princeton ya kawo wani tunani da ya wuce haka. A ruwan Laughlin kowane ilektiron yana da wani ɗan fili kewaye da shi da sauran ba sa shiga, faɗinsa 'yan gomiyoyin nanomita. An saba ɗaukar filin a matsayin da'ira. Haldane ya ce ba dole ba ne. Girmansa ba ya sauyawa, tunda ruwan ba ya matsuwa, amma siffarsa tana iya miƙewa ta wani gefe ta tsuke ta ɗaya. Lambobin da ke bayyana wannan siffa a kowane wuri irin lambobin da ke bayyana ma'aunin nisa ne a ka'idar girabiti. Ke nan ruwan yana da nasa ma'aunin na cikin gida, kuma ma'aunin yana iya kaɗawa.

Kaɗawar ma'auni ita ce ainihin abin da ake kira igiyar girabiti, ƙwayarta kuma ita ce girabiton. Alamar girabiton ita ce juyi 2. Ana gane hakan daga siffar: miƙaƙƙiyar da'ira tana komawa yadda take bayan rabin zagaye, wato sau biyu a cikakken zagaye. Ƙwayar haske juyi 1 gare ta. Tun a 1985 da 1986 Steven Girvin da Allan MacDonald da Philip Platzman suka lissafa wata kaɗawa a ruwan Laughlin, Aron Pinczuk da abokan aikinsa kuma suka hango ta da haske a 1993. Sabuwar fahimtar ita ce, idan tsawon zangon kaɗawar ya yi yawa, ita ce girabiton ɗin Haldane. A 2017 Andrey Gromov da Son suka rubuta ka'ida mai ma'auni biyu, na sarari da na ruwa, don bayyana ta. A 2018 kuma Bergshoeff da Rosseel da Townsend, masanan girabiti zalla, suka taho ta ɗaya ɓangaren. Suka ɗauki lissafin girabiton mai nauyi a fuska uku, suka sauke shi zuwa dokokin Galileo ta wata hanya da ba ta yiwuwa sai a shimfiɗaɗɗiyar duniya, sai ga shi sun iso ga lissafin da aka gabatar don kaɗawar Girvin da abokansa.

Saura gwaji. A watan Maris na 2024 mujallar Nature ta buga aikin rukunin Lingjie Du na Jami'ar Nanjing a ƙasar Sin, tare da masana daga jami'o'in Columbia da Princeton da Münster. Sunan Pinczuk yana cikin marubutan, duk da ya rasu a 2022. Sun sanyaya kiristal ɗin galiyam asanaid har ya rage ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na digiri ya kai ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili, a cikin maganaɗisun da ya ninka na duniyarmu fiye da sau dubu ɗari. Suka haska shi da hasken leza mai murɗawa ta gefe guda, suka tace wanda ya dawo. Idan haske ya shiga da juyi 1 ta dama ya fito da juyi 1 ta hagu, bambancin 2 ne, kuma ruwan ne ya karɓe shi. Wannan alamar suka gani. A matakan 1/3 da 2/5 kaɗawar tana murɗawa ta gefe ɗaya, a matakan 2/3 da 3/5 kuma ta ɗaya gefen, kamar yadda ka'idar ta hango.

Abin da aka samu da wanda ba a samu ba

Kanun labarai da yawa sun ce an gano girabiton, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara. Girabiton ɗin sararin samaniya, idan yana nan, ba shi da nauyi, yana gudu da gudun haske, yana murɗawa ta dama da ta hagu. Na cikin kiristal sai an biya wani adadin makamashi kafin ya tashi, gefe ɗaya yake murɗawa a kowane mataki, ba ya jan komai, kuma da zarar kiristal ɗin ya ɗumama ya ɓace. Motsin haɗin gwiwa ne na ɗimbin ilektiron. Gwajin Nanjing bai tabbatar da cewa girabitin da ke riƙe da wata yana da ƙwaya ba. Freeman Dyson ma ya yi jayayya cewa mai yiwuwa ba za a taɓa iya ƙera na'urar da za ta kama girabiton guda ɗaya ba, saboda tsananin raunin girabiti.

Abin da aka samu shi ne wurin da ma'aunin nisa yake bin dokokin kwantom, kuma ana iya haska shi, a sauya masa maganaɗisu, a maimaita awon gobe. Masanan daskararrun abubuwa sun samu hanyar bambanta ire-iren ruwan Hall ta gefen da kaɗawarsu ke murɗawa. Masanan girabiti kuma sun samu abin da suka daɗe ba su da shi, wato lissafin da gwaji zai iya ƙaryatawa. Duk lokacin da mai karatu ya ci karo da labarin an ga girabiton, tambayar farko da zai yi ita ce: a sararin samaniya ne, ko a cikin kiristal? Zuwa yanzu amsar ita ce a cikin kiristal.